Godiya ga waɗanda suka raka Mama da waƙa

A madadin iyalan marigayiya mahaifiyarmu, muna miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga ranar da Allah ya kira ta har muka kai ta makwancinta a ƙauyenmu da ke kusa da Zonkwa. Mun gode wa Fada da katikis, wato mai koyar da addini a coci, da dattawan Ikilisiya. Mun gode wa dangi da surukai da suka taso daga Kaduna da Jos da Kafanchan, da maƙwabtanmu Musulmi da suka kawo hatsi da itace, suka zauna da mu a rumfa har dare. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Amma akwai mutanen da ban samu na riƙe hannunsu ɗaya bayan ɗaya ba saboda cunkoso, kuma su ne suka ɗauki nauyi mafi girma: ƙungiyar mawaƙan coci da iyayenmu mata na Zumuntar Mata Katolika.

Jana'izar Mama ta faɗo a cikin azumin kwana 40 da ke gaban Ista. Duk ɗan Katolika ya san a wannan lokaci ba a rera Haleluya a coci, ko da a Mas na jana'iza ne. To yawancin waƙoƙin da Mama ta fi ƙauna cike suke da ita. Shugaban mawaƙa bai yi mana gardama ba, bai kuma karya tsarin Ikilisiya don ya faranta mana rai ba. Ya zo gida da tsohon littafin waƙoƙinsa, bangon duk ya ci salatif, ya zauna da babbar yayarmu a tabarma suna bin shafi-shafi. In ta ce Mama tana son wannan, sai ya rera baiti ɗaya a hankali, ya ce mata, "Yaya, wannan ta dace da shigowa da gawa, waccan kuma mu bar ta sai lokacin karɓar Jibin Ubangiji." Haka suka yi har suka tsara komai.

A daren addu'a kuwa, iyayenmu mata ne suka riƙe gidan. Sun zo da anko ɗinsu, da tulu da kuge da ƙaramar ganga. Wata baba da ta haura shekara saba'in ta rungume tulun a cinya, tana dukan bakinsa da tafin hannu, sautin yana fita can ƙasa-ƙasa har cikin ƙirji. Suna yin Hausa, su juya zuwa Jju, yaren da Mama ta tashi da shi. Akwai masu cewa a kawo manyan lasifika a saka kaset kawai, ai ya fi sauƙi. Ni dai ban ga abin da zai maye gurbin muryar matar da ta yi shekaru tana zama benci ɗaya da mamaciyar ba. Sau biyu kuka ya ci ƙarfin mai ba da waƙa, ta kusa da ita ta karɓa ba tare da an tsaya ba.

Washegari a coci an yayyafa wa akwatin ruwa mai tsarki a bakin ƙofa, aka ajiye shi gaban bagade kusa da kyandir na Ista. Yarinyar da ta rera Zabura 23 ba ta ja murya don a yaba mata ba, ta bar amshin a sauƙaƙe yadda jama'a duka za su iya bi, kuma sun bi. Ƴata, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara miki wannan baiwa.

Godiya ta musamman ga tsohon katikis ɗinmu. Shi da Mama sun koyi amsa Mas da Latin tun suna yara a hannun fadan mishan na SMA, wato ƙungiyar limaman Katolika masu aikin bishara a Afirka, kafin babban taron Vatikan na biyu ya buɗe ƙofar yin sujada da harsunan gida a 1963. Da Fada ya gama zagaya akwatin da turare, Baba ya miƙe da sandarsa ya rera tsohuwar waƙar bankwana ta Latin, wadda ake roƙon mala'iku su yi wa mamaci jagora zuwa aljanna. Muryarsa tana rawa, amma bai ɓata ko kalma ɗaya ba. Ƴan tsofaffin da suka rage daga zamaninsu suka kama masa daga inda suke zaune. Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mawaƙa ba su watse a bakin coci ba. Sun bi mu a ƙafa cikin zafin rana har bakin kabari, suna waƙa har samari suka gama mayar da ƙasa. Da muka miƙa musu ɗan abin shan ruwa, suka ce a saka shi cikin hidimar baƙi.

Waɗanda suka yi waya, da masu aiko da saƙo, da waɗanda suka so zuwa hali bai yi ba, duk mun gani mun kuma gode. In akwai wanda bai samu kulawar da ta kamata ba a cikin taron, muna roƙon ya yi mana haƙuri. Muna roƙon ku ci gaba da sa Mama a addu'a. Ubangiji ya ba ta hutawa ta har abada, ya mayar da kowa gidansa lafiya.