Limami a asibitin gwamnati

Kawuna ya rasu a wani asibitin gwamnati a Ingila, Allah Ya jiƙansa. Daren da jikinsa ya yi tsanani, wata nas ta tambaye mu ko a kira mana limamin asibiti. Ashe ma'aikacinsu ne, hukumar lafiya ta NHS ke biyansa albashi, kamar yadda take biyan fastocin wurin. Ya zo, ya nuna mana yadda za mu juya kawu ya fuskanci alƙibla, ya laƙƙana masa kalmar shahada. Washegari ma shi ya yi ta kai da komo har aka ba mu gawa da wuri.

Akwai masu cewa kuɗin haraji magani ya kamata su saya, masallaci da coci su ɗauki nauyin malamansu. Na fahimce su, amma wallahi ban yarda ba. Ko Faransa da ta raba addini da gwamnati a 1905, dokar ta halatta a biya irin waɗannan malamai a asibitoci da gidajen yari, tunda na kwance da na tsare ba su da halin zuwa wurin ibada da ƙafarsu.