Mun dawo gida bayan kwana 23: godiya ga waɗanda suka yi jinyar ɗiyarmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallamo ɗiyarmu daga asibiti bayan kwana 23 tana jinyar wani mummunan ciwon fata da magani ya jawo mata, ta shigo gida da ƙafarta, idanunta biyu na gani. Da yawanku kun kira ban ɗaga ba, wasu kun turo saƙo har yau ban amsa ba. Ku yafe mini, a kwanakin nan hankalina ba ya jikina.

Shekarar yarinyar 13, tana fama da farfaɗiya, aka ɗora ta a kan carbamazepine, maganin da aka daɗe ana amfani da shi kuma ya taimaki ɗimbin jama'a. Kwana 16 da farawa sai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, idanu suka yi ja suna kwantsa. Muka ce mura ce. Washegari wasu tabbai masu duhu suka feso mata a ƙirji da fuska, muka koma cewa ƙyanda ce ko ƙarambau, muna kuwa ci gaba da ba ta maganinta safe da dare, tun da an ja mana kunne kada ta tsallake. Kwana biyun nan su ke ci mini rai har yanzu. A rana ta uku leɓɓanta suka farfashe, ko yawu ba ta iya haɗiyewa, da na ɗago ta sai fatar kafaɗarta ta saluɓe a tafin hannuna kamar wadda tafasasshen ruwa ya zuba wa.

Godiyata ta farko ga matashiyar likitar da ke aikin dare a sashen gaggawa. Tana duba bakin yarinyar ta juyo ta ce, "Baba, wane sabon magani ta fara sha cikin wata biyun nan?" Na miƙa mata kwalin. Ta ce, "Daga yanzu ko ƙwaya ɗaya kada ta ƙara." Ba ta bar ta haka ba, a daren ta tuntuɓi likitan ƙwaƙwalwa aka mayar da ita kan wani maganin farfaɗiyar daban, levetiracetam, domin yanke maganin farfaɗiya rana tsaka shi ma hatsari ne. Likita, tambayar nan taki Allah ya sa ta zama sanadin tsayuwar ciwon. Allah ya yi wa karatunki albarka.

Da safe babbar likitar fata ta zo, ta ɗebi ɗan guntun fata don gwaji, ta zaunar da mu ni da mahaifiyarta. Sunan ciwon Stevens-Johnson, daga sunayen likitocin yara biyu na Amurka da suka yi bayaninsa a 1922. Garkuwar jiki ce ke ƙin maganin, sai ta afka wa saman fata da cikin baki da ido, har saman fatar ya mutu ya rabu da na ƙasa. Idan abin da ya saluɓe bai kai kashi 10 cikin 100 na jiki ba, wannan sunan ake kiransa. Idan ya haura kashi 30, ya zama babban wansa da ake kira TEN, wanda ya fi kisa nesa ba kusa ba. Na ɗiyarmu ya tsaya wajen kashi 8. Ta ce ba ya yaɗuwa, ƙannenta ba za su ɗauka daga wurinta ba. Ta kuma faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa yana iya yin ajali, kuma abin tsoro mafi girma shi ne ƙwayoyin cuta su shiga jini ta inda fata ta buɗe.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ba ta yi mana alkawarin wani maganin sha yanzu magani yanzu ba. Ta sa mata ciclosporin na 'yan kwanaki don a lafar da garkuwar jikin, ana auna hawan jini da aikin ƙoda, amma ta ce har yau kan likitoci bai haɗu ba a kan wanda ya fi tsakaninsa da sauran magungunan da ake gwadawa. Tabbataccen abu shi ne dakatar da maganin da ya jawo, sai jinya irin ta wanda ya ƙone. Na yi gardama da ita a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ina ganin me ake jira. Ta yi haƙuri ta fahimtar da ni cewa ba a ba da shi sai an ga alama, don kowane ƙarin magani ƙarin hatsari ne ga jikin da ya riga ya harzuƙa. A rana ta 9 zazzaɓi ya dawo, gwajin jini ya nuna ƙwayar, nan take aka fara allurar da ta dace da ita. Ranki ya daɗe, na gode da haƙurin da kika yi da uban da tsoro ya rufe wa ido.

Ma'aikatan jinya kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Wankin ciwo ɗaya yakan ci awa biyu. Sai an ba ta maganin raɗaɗi an jira ya kama, sannan a jiƙa tsohon bandeji har ya saki da kansa. Bororon da ya cika ruwa a tsiyaye shi, a bar fatar a kwance a wurinta ta zama murfi, a shafa farin mai, a rufe da ƙyallen da ba ya mannewa. Filasta ko ɗaya ba su liƙa mata a jiki ba. Ɗakin kullum da ɗumi, don jikin da ya rasa fata ba ya riƙe zafi ko ruwa, shi ya sa ake ta ƙarin ruwa ana auna fitsarinta. Duk bayan awa biyu a shafa mata mai a leɓe, a ɗiga mata maganin ido, har cikin tsakar dare. Akwai wata babbar Sista da ba ta taɓa kama hannunta ba sai ta ce, "'Yata, zan taɓa nan, kin yarda?" Yarinyar da idanunta ke kumbure a rufe ta haddace muryarta, da ta ji takunta sai jikinta ya saki. Sista, Allah ya jiƙan mahaifa, ya ba ki masu yi miki.

Likitan ido bai tsallake rana ɗaya ba, yana share yanar da ke taruwa don kada fatar ido ta manne da ƙwayar ido. A nan ne wasu ke rasa gani bayan fata ta warke. Na gode masa, da mai kula da cimaka da ta tsara abin da ake ba ta ta robar hanci, da masu sharar ɗaki da ke shiga da safar hannu da takunkumi.

Likitan da ya rubuta maganin tun farko ya zo dubiya har sau biyu. Wasu cikin dangi sun so a ɗora masa laifi, ni ban yarda ba: ciwon ba kasafai yake faruwa ba, maganin kuma daidai yake da larurarta. Roƙona kawai ga duk mai rubuta irin waɗannan magunguna, ya ƙara magana ɗaya: in an ga zazzaɓi da ƙuraje ko ciwon baki a makonnin farko, a taho asibiti a ranar, da kwalin a hannu.

Mahaifiyarta ta yi kwana 23 a kan kujera. Yayata ta riƙe mana ƙannenta. Waɗanda suka yi addu'a, da waɗanda suka taimaka da abin hannunsu, da waɗanda muka hana shiga ɗakin saboda tsoron ƙwayoyin cuta amma ba su yi fushi ba, Allah ya saka muku da alheri.

Sabuwar fata ta fito, tabbai na nan dabbare-dabbare, an ce za su dushe a hankali, wasu faratan kuma za su iya faɗuwa su sake tsirowa. Idanu na bushewa, muna kan ɗiga magani, za mu koma wurin likitan ido mako mai zuwa. Mai harhaɗa magunguna ya rubuta mata kati: kada ta ƙara shan carbamazepine har abada, haka ma danginsa irin su oxcarbazepine, phenytoin da phenobarbital. Jiya da kanta ta saka shi a jakar makarantarta. A ci gaba da sa ta cikin addu'a.