Godiya ga waɗanda suka tsaya wa Inna

Alhamdu lillahi, hukunci ya fito, kun dai gani. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta ɗora wa gwamnatin Rasha alhakin ɓatan ɗan Inna, dattijuwar nan 'yar Checheniya da ke unguwarmu. An sha jira, an gaji.

Godiya ta farko ta maƙwabciyarta ce ta can gida, wadda ba za a ambaci sunanta ba don tsaron ranta. A yaƙi na biyu da ya ɓarke a Checheniya, yankin da ke kudancin Rasha, a 1999, sojoji kan zo da asuba, fuska a rufe, lambar motar sulke an shafe ta da taɓo. A daren da suka tafi da ɗan Inna taɓon ya ɓantare ta gefe guda. Baiwar Allah ta leƙa ta taga jiki na rawa, ta rubuta lambar a kwalin ashana, ta ɓoye shi shekara da shekaru. Shari'ar ɓatan mutum a kan irin wannan shaida take dogara: rana, lokaci, irin motar, da shingen binciken da ta wuce bayan dokar hana fita. Wa ke wuce shinge cikin dare in ba jami'in gwamnati ba? Allah Ya saka mata da Aljanna.

Al'ada ta ce a yi godiya a dunƙule, amma dole mu ambaci ƙungiyar Memorial mai kare haƙƙin ɗan Adam, wadda kotun Rasha ta rushe a 2021. Su suka koya wa iyaye mata su riƙe kwafin kowace takardar koke mai hatimin ofishin mai gabatar da ƙara, domin dogon shiru kan sa kotu ta kori ƙara. Allah Ya jiƙan Natalya Estemirova, ma'aikaciyar Memorial da aka sace a Grozny, babban birnin Checheniya, ranar 15 ga Yulin 2009, aka tsinci gawarta a Ingushetiya, maƙwabciyar Checheniya, a ranar. Allah Ya haskaka kabarinta, Ya ba lauyoyi da tafintoci lada, Ya sanyaya zuciyar kowace uwa mai jira.

Dangin da suka ƙi ba da shaida, mun san ana ƙona gidaje a can, ba mu zarge ku ba. Amma kiran waya ɗaya ai ba ya kisa.

Kuɗin diyya kuwa kada a sa rai, Rasha ta daina aiwatar da hukuncin kotun tun 2022. Inna ma ba kuɗi take tambaya ba, inda aka binne ɗanta take son a nuna mata.