Ranar da shanu suka tare mini titin sauka

A Zariya na koyi tuƙin jirgi, a filin da ke Palladan, inda kwalejin horar da matuƙa take tun 1964. A can akwai hasumiyar masu kula da tashi da saukar jirage. Kana shawagi, ga dutsen Kufena a gefe, ga titin Kano ya miƙe ɗoɗar, wata murya na faɗa maka wa ke gabanka, wa ke bayanka, da lokacin da za ka sauka. Mutum kan saba da muryar nan har ya manta ba ko'ina ake samunta ba.

Cikin hunturu ne na tashi ni kaɗai zuwa wani ƙaramin fili mai titin jar ƙasa, arewa maso gabas da mu. Ba hasumiya, ba kuma inda za ka sha mai. Zuwa awa ɗaya, dawowa awa ɗaya, injin kuma na shan wajen lita 32 a awa.

Da sassafe na buɗe murfin tankin kowane fiffike na tsoma sandar awo, domin allurar da ke gaban matuƙi ba abin dogaro ba ce. Sannan na tsiyayi mai daga gindin tanki cikin 'yar kwalba na ɗaga ta sama. Man nan, Avgas, shuɗi ne garau, ruwa kuwa ya fi shi nauyi, sai ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar duwatsun wuya. Na ga ɗigo biyu, na yi ta tsiyaya har suka ɓace. Sanda ta nuna lita 100. Na yi lissafi: 64 na zuwa da dawowa, 16 na ajiyar minti 30 da ƙa'ida ta gindaya wa mai tashi da rana. Har da rara.

Malamina ya zo ya tsaya. "Me ke cikin tankinka?"

"Lita 100, ranka ya daɗe."

"Ba lita nake tambaya ba, yaro. Awa nawa? Kuma ƙarfe nawa zai ƙare?"

Ya sa na ƙara lita 30, ya kuma sa na rubuta a takardar da ke ɗaure a cinyata lokacin da injin zai mutu in ban sauka ba. A raina na ga ƙarin nauyi ne kawai.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, wato gaba da gaba muka yi da ita, tafiyar awa ɗaya ta zama minti 75. Hazo kuma ya shafe ƙasa, titin jar ƙasa ya saje da gonaki, sai da na ɓata minti 10 ina nemansa. Tun daga nesa nake sanar da kaina a rediyo: ga ni, ga tsayina, ga niyyata. Shiru. A irin wannan fili kana magana ne ko da ba mai amsawa, kuma shiru ba ya nufin ba kowa a sama.

Na bi ta saman filin na duba jakar da ke nuna inda iska ta dosa, na sauko ƙafa 1,000 daga ƙasa, na shiga kewaya titin ta hagu kamar yadda aka saba kafin sauka. Na miƙe zan sauka ke nan sai ga garke, farare tas, suna tsallaka titin a hankali, wani ɗan yaro da sanda a kafaɗa yana biye. Na tura wuta na koma sama. A zagaye na biyu titi ya buɗe, amma can ƙasa da ni na hango inuwa tana gudu a kan gona. Na bi inuwar da ido har na ga mai ita: jirgin feshi ne, bai ce uffan a rediyo ba. Na ƙasa shi ke da hakkin fara sauka, don haka na ja gefe na ba shi wuri. Kewayen nan ya ci minti 20.

Da na sauka na zauna a inuwar fiffike na sake lissafi. Minti 105 a sama, lita 56, ban da abin da hawa da tafiyar ƙasa suka lashe. Da a ce da lita 100 na taso, da dawowata sai ta ci cikin ajiyar nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da ina kallon agogo da fargaba lokacin da na ga shanun, da zuciyata ta raya mini in kutsa ta bayansu, in ce ai sun kusa wucewa. Litar 30 ɗin nan ce ta ba ni natsuwar komawa sama har sau biyu ba tare da gardama da kaina ba.

Da iska a bayana, minti 50 suka kawo ni Zariya. Na sake tsoma sanda a gaban Malam. Ya duba, ya dubi takardar cinyata.

"Sau nawa ka kewaya?"

"Sau biyu, ranka ya daɗe. Shanu, sannan jirgin feshi."

"Rediyo ce ta faɗa maka shi?"

"A'a, inuwarsa na gani."

Ya gyaɗa kai, ya ce in cika takardar tafiya kafin azahar.