Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Zamana a Bakassi

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya mun tsaya ne a inda kasuwar albasa ta karye mana a Kalaba, ni da kawuna, har ta kai muna raba dare a rumfarmu ta Bogobiri, unguwar Hausawa, muna lissafin bashin da ke wuyanmu. Ana cikin haka ne, wajen ƙarshen 1997, wani soja ɗan ƙasar Gombe da ke zuwa shan shayi kusa da mu ya dubi kawu ya ce, "Alhaji, kuna nan zaune kuna korar ƙuda, ga 'yan'uwanku can cikin ruwa suna neman goro ido rufe." Bakassi yake nufi, yankin da Najeriya da Kamaru ke rigima a kansa, inda aka jibge sojojin Najeriya tun Disambar 1993, zamanin Janar Abacha, kuma da yawansu 'yan Arewa ne da miyar kuka ta yi wa nisa.

Kawu bai yi wata-wata ba. Ya tattara ɗan abin da ya rage ya haɗa mini kaya: goro, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, sukari, ganyen shayi da batir ɗin rediyo. Daga Kalaba mota ke ɗaukar mutum ta gadar Atimbo, a ratsa Akpabuyo, a sauka Ikang, inda titi ya ƙare. Daga nan sai jirgi mai inji. Ni kuwa ɗan Mubi ne, ruwan da na sani shi ne kogin Yedzaram, wanda da rani yara ke tsallakawa da ƙafa.

Mutanenmu in sun ji ana cewa tsibirin Bakassi a rediyo, zato suke wata ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai gonaki da garuruwa. Laka ce da ruwa. Yankin ya miƙa cikin teku tsakanin bakin kogin Kuros Riba daga yamma da na Rio del Rey daga gabas, girmansa wajen murabba'in kilomita 665, amma inda za ka taka ƙafarka ta tsaya bai taka kara ya karya ba. Sauran duk dajin wasu itatuwa ne da ke tsira cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje sun sarƙe da juna, ga lungunan ruwa sun ratsa su ta ko'ina. Baƙo in ya shiga shi kaɗai ba zai fito ba, domin kowace kwana irin ta baya ce. Masu jirgi kuwa ko da dare sun san inda za su karya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai da farko shi ne ruwan da ke kawowa ya janye sau biyu tsakanin yini da kwana. Ka sauka da hantsi jirgi ya kai ka har bakin ƙofa, bayan la'asar ka leƙo ka ga jirgin zaune a kan laka, ruwa ya yi nisa. Duk rayuwar wurin a kan wannan take. Ba a ce maka za a tashi ƙarfe kaza, sai dai a ce in ruwa ya kawo. Fita kamun kifi, kai mara lafiya asibiti, kai amarya, har jana'iza, duk sai an jira shi. Shi ya sa ake kafa gidajen a kan dirkoki, a yi bango da katako, a rufe da ganyen tukurwa ko kwano, kwanon ma ba ya daɗewa gishiri ke cinye shi.

A Abana na zauna, wadda gwamnatin Abacha ta mayar hedikwatar sabuwar ƙaramar hukumar Bakassi a 1996. Wani dattijo Efik ya ba ni hayar ɗaki a gefen rumfar bandarsa. Ete nake ce masa, kamar yadda kowa ke kiran dattijo a can, shi kuma Malam yake ce mini ko da yake a lokacin ko gemu ban tara ba. Ruwan sama a wurin ba ya jin kira, ana iya wuni a kwana ana yi, amma ruwan sha ya fi komai wuya. Da damina a tara a duro, in an shiga ɗan ranin da suke da shi sai an sayo a jarka daga tudu. Na taɓa aika wa wani malami a Bogobiri tambaya a kan alwala da ruwan teku, ya aiko mini cewa ruwan teku mai tsarki ne, matacciyar dabbarsa ma halal ce. Daga ranar na huta da ɓarnar ruwan saye. Sauro kuwa ba a magana.

Ba a jima ba na gane cewa cinikin sojoji ƙarami ne a kan abin da ke wurin. Arzikin Bakassi kifi ne da jatan lande. Efik, Ibibiyo, mutanen Oron da Ijo, kowa da sansaninsa a Abana, Atabong, Archibong da ƙananan ƙauyukan da ba su a taswira. Maza su fita teku, mata su yi banda, hayaƙi ba ya yankewa a garin dare da rana. Sai na koma in kawo kayan miya, in juya kuɗin zuwa buhunan busasshen jatan lande da kifin banda, kawu ya tura su Arewa a motocin da suka sauke albasa. Da wannan muka biya bashinmu tas. Da dare kuma in ka dubi teku za ka hango wutar rijiyoyin mai tana ci can nesa. Masunta ba su da ko kwabo a cikinta, amma ita ta sa manya a Abuja da Yawunde suka san da zaman lakar nan.

Ete ba ya gajiya da faɗin cewa ƙasar ta Obong ce, sarkin Kalaba, tun kaka da kakanni. Kuma yana da hujja. Ranar 10 ga Satumbar 1884 sarakunan tsohuwar Kalaba suka sa hannu a yarjejeniyar kariya da Sarauniyar Ingila. Kariya aka ce, ba a ce sun sayar da ƙasa ba. Amma ranar 11 ga Maris 1913 Ingila da Jamus suka zauna a Landan suka ja iyaka daga Yola har teku, suka bi da ita ta kogin Akpa Yafe, Bakassi ta faɗa ɓangaren Jamus. Har sai da suka rubuta cewa ko da kogin ya sauya hanya nan gaba ya koma zuba a Rio del Rey, Bakassi tana nan ta Jamus. Masunta ba su ji a jikinsu ba, domin ba a daɗe ba aka yi yaƙin duniya na farko, Jamus ta rasa Kamaru a 1916, Ingila ta karɓi wannan gefen ta haɗa mulkinsa da na Najeriya. Shekara arba'in da ɗoriya babu wanda ya tambayi wani takarda a kan ruwan nan. Iyakar tana kwance a cikin fayil kawai.

A nan ne labarin ya taɓo ni, domin Mubi ma ƙasar Jamus ce a da. Mahaifina yana cikin waɗanda suka jefa ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce Kamarun Ingila ta zaɓi inda za ta. Mu na arewa muka zaɓi Najeriya da ƙuri'a 146,296 a kan 97,659, aka raɗa mana Lardin Sardauna. Na kudu suka zaɓi Kamaru, kuma a takarda Bakassi tana cikin kudun. Ranar da na faɗa wa Ete haka, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, ashe kai ne ɗan Kamarun, ni ake kora." Muka yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Sauran abin da ya biyo baya manya ne suka yi ta yi a tsakaninsu. Janar Gowon da Ahmadu Ahidjo suka sa hannu a kan iyakar teku a Marwa ranar 1 ga Yunin 1975, kafin wata biyu aka hamɓarar da Gowon, Najeriya ta ce ba ta amince da takardar ba. A Mayun 1981 aka kashe sojojin Najeriya biyar a ruwan yankin, saura ƙiris a yi yaƙi zamanin Shagari. Bayan shigar sojojinmu, Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg a Maris ɗin 1994, daga baya ta haɗa har da Tafkin Chadi.

Ranar 10 ga Oktobar 2002 ina Abana. Rumfata ta cika da mutane saboda ni ke da rediyo mai ƙarfi da batir a wadace. Muka ji hukunci: alƙalai 14 sun ba Kamaru, 2 sun ƙi, wato Abdul Koroma na Saliyo da Bola Ajibola namu. Lauyoyin Najeriya sun ce Ingila ba ta da ikon kyautar da abin da ba nata ba, kotu ta ce takardar 1913 tana nan daram. Aka yi ta cewa ai shugaban kotun Bafaranshe ne, dole ya ja wa Kamaru. Ni dai ban taɓa sayen wannan maganar ba. In aka ce a yayyage takardun Turawa a koma wa iyakar kakanni, to Mubi ma sai an sake zama a kanta, haka rabin iyakokin Afirka. Abin da har yau ban yafe ba shi ne an yi shekara takwas ana shari'a a kan laka da mai, ba a taɓa tara masuntan an ce me kuke so ba. Mu a 1961 an ba mu akwati mun jefa ƙuri'a. Su a rediyon mai goro suka ji makomarsu.

Fushin mutanen ma ba da Kamaru ya fi yawa ba, da gwamnatinsu ne, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. A ƙarshen 2003 muka ji an miƙa ƙauyuka 33 na Tafkin Chadi, har da Darak inda Hausawa masunta suke da yawa, sai kowa ya sha jinin jikinsa. Ranar 12 ga Yunin 2006 Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Amurka, a gaban Kofi Annan. An rubuta cewa ba za a kori kowa ba, ba za a tilasta wa kowa sauya ƙasa ba, ba za a hana kamun kifi ba. A watan Agustan shekarar sojoji suka fara nannaɗe kayansu. Abana da wasu wurare sun ci gaba da zama a hannun Najeriya na ɗan lokaci, sai ranar 14 ga Agustan 2008, zamanin 'Yar'aduwa, aka yi bikin miƙawa na ƙarshe a Kalaba, duk da Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar a 2007.

Ni ban jira wannan ranar ba. Da sojoji suka tafi rabin cinikina ya bi su, ga 'yan bindiga sun fara tare jirage a lungunan ruwa. Mutane da dama suka kwashe zuwa Ikang da Akpabuyo, inda aka ce za a tsugunar da su. Amma masunci a tudu me zai ci? Da yawansu bayan 'yan watanni suka lallaɓa suka koma ruwa. Ete ya ce shi ba inda za shi, kabarin mahaifinsa yana nan, kifi kuma bai san tuta ba. Na bar masa duro biyu da rediyon a madadin kuɗin hayar da ya rage, na loda buhunana na ƙarshe, muka jira ruwa ya kawo.

Da na isa Bogobiri na tarar da saƙo daga gida yana jirana: mahaifiyata ta ce in zo Mubi kafin azumi, an yi mini mata, kuma ba shawarata ake nema ba. Yadda na yi da wannan saƙo, da abin da ya faru da buhunan jatan landen a hanyar Makurɗi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.