Aiki da masu rubuta manhaja daga nesa

Manhajar da nake jagorantar aikinta ƙarama ce: ɗan kasuwa ya rubuta kayan da suka shigo, da waɗanda suka fita, da bashin da yake bin mutane. Ni ina Damagaram. Masu rubuta ta kuwa, ɗaya yana Yamai, ɗaya yana Kano, ɗaya yana Dakar, kuma babu wanda ya taɓa wuni a rumfa cikin kasuwar Dole a cikinsu. Abin da aikin ya fi koya mini shi ne, wanda ke nesa abin da ka faɗa masa yake ginawa. Abin da ka bari a cikinka kuwa, da al'adar garinsu zai cike gurbinsa.

Lissafin kuɗi ne ya fara nuna mini haka. A takarda sefa muke rubutawa, amma a baki da dala muke ciniki. Dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka in mai shago ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi. Ɗan'uwanmu na Kano ya saba da naira, inda ɗari ɗari ce, ya yi gurbin farashi guda ɗaya kawai. Ranar gwaji wani dattijo mai sayar da hatsi ya saka 100, ya dubi jimla, ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, wannan abin naku bai iya lissafi ba." Na ce, "Baba, ya iya, ba a dai koya masa namu ba." Na Dakar ne ya fara ganewa, domin su ma a Wolof da biyar-biyar suke ƙidayar kuɗi. Yanzu mutum yana zaɓar dala ko sefa, manhajar ta nuna masa duka biyun.

Ire-iren wannan suna da yawa. Lambar waya a Nijar alƙalumma 8 ce, ta Najeriya 11. Gurbin sunan dangi da aka wajabta cikewa ba ya aiki a inda mai bashi da laƙabinsa aka san shi, Mai Goro ko Ɗan Magarya. Haruffan ƙ, ɗ da ɓ ma sai an gwada, kada su koma alamar tambaya a rasit.

Sai maganar rezo, wato sabis ɗin waya, da wutar lantarki, wadda a wurina ta fi komai nauyi. Wanda ke zaune da intanet mai sauri ba zai ji a jikinsa abin da ake nufi da shafi ya ƙi buɗewa ba, alhali mai saye na tsaye yana jiran canji. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyaka kuma aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, sai kowa ya yarda cewa dole manhajar ta yi aiki ko babu intanet, ta ajiye komai a waya, ta tura in rezo ya dawo. Tun daga nan na daina dogon bayani. Nakan ɗauki bidiyon hannun ɗan kasuwa yana latsa ƙaramar wayarsa ta Android cikin rana, in tura musu. Da idonsu suka ga cewa rubutun ya yi ƙanƙanta, kuma launin toka ba ya ganuwa a hasken Afrilu.

Mu mutanen saƙon murya ne, ni ma ina son sa, don yana ɗauke da gaisuwa da fara'a. Amma ba a iya binciko magana a cikinsa bayan wata biyu. Don haka muka yi ƙa'ida: a yi hira a WhatsApp yadda ake so, amma duk shawarar da aka yanke a rubuta ta a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, da sunan mai aikin da ranar gamawa. Wannan ya ƙara mini aiki, tunda na Kano da Hausa ko Ingilishi yake karatu, na Dakar da Faransanci, kuma ni ne mai juyawa. Agogon Dakar yana bayan namu da awa ɗaya, ranar Juma'a kuma ba ma sa taro kusa da azahar.

Ba na ƙidayar awannin kowa. Abin da nake nema shi ne ƙarshen mako a ba ni abin da zan sa a waya in kai kasuwa. Shirun mutum ne ke tayar mini da hankali, domin sau da yawa ba lalaci ba ne, matsala ce ta tsare shi yana jin nauyin faɗa. In na ji ɗif kwana biyu, sai in kira shi shi kaɗai, in tambayi iyali, sannan in ce, "Malam, ina ta cije?" A gaban sauran ba zai faɗa ba.

Haƙƙinsu kuma ba na wasa da shi. Lokacin da tura kuɗi zuwa Kano ya yi wuya saboda rufe iyaka, tun kafin wata ya ƙare na sanar da ɗan'uwanmu na can halin da ake ciki, muka daidaita a kan hanyar da kuɗin za su bi da ranar da za su isa, ya ci gaba da aikinsa.