Alhamis, ziyarar da muka kai unguwar Tumfure a Gombe

Ruwan da aka kwana ana yi bai ɗauke ba sai da hantsi, shi ya sa taron Zumuntar Mata na cocinmu bai cika ba yau. 'Yan Pantami da Bolari sai da muka yi waƙa biyu suka iso, zannuwa a jiƙe. Bayan addu'a da karatu ma'aji ta buɗe littafinta tana kiran masu bashin kuɗin wata. Da ta zo kan Maman 'Yan Biyu sai ta dakata.

Tun kafin Ista matar ba ta leƙo taro ba, ba ta biya ba, ba ta aiko da uzuri ba. Abin da ya fi ƙona wa ma'aji rai shi ne haɗuwarsu a Babbar Kasuwa ranar Asabar. Ta ɗan tuna mata da bashin, sai matar ta ɗaga murya a gaban masu tumatir ta ce, "Kuɗin naku ne zai kai ni sama?" Nan take ɗaki ya ɗauki surutu. Wata ta ce girman kai ne, wata ta ce an gan ta tana bin wata sabuwar coci. Aka kawo shawara a cire sunanta.

Mama shugaba, tsohuwar malamar makaranta ce 'yar Billiri, ba ta saurin magana. Da aka yi shiru sai ta tuna mana da Hannatu a littafin Sama'ila na fari, yadda take addu'a a Shilo leɓunanta na motsi ba a jin murya, Eli ya ɗauka ta bugu da giya har ya tsawata mata. Ta ce Eli firist ne, ba mugun mutum ba ne, daga nesa dai ya hango ta, kuma da ta faɗi baƙin cikinta bai tsaya kare kansa ba, albarka ya sa mata. Sannan ta ce, "'Ya'yana, kafin mu goge suna, wa ya san ƙofar gidanta?" Cikinmu duka mutum biyu ne suka sani. Wannan ya dame ni ƙwarai, mata masu anko ɗaya da waƙa ɗaya.

Muka tashi mu uku da yamma, ni da Mama da ma'aji, wadda da farko ta ƙi zuwa. A cikin Keke Napep ne ma'aji ta buɗe min cikinta. Ashe tun bara ake gulmarta cewa tana juya kuɗin zumunta a sana'arta ta ɗinki, shi ya sa duk naira ɗaya da ta yi giɓi a littafi ba ta iya barci. Mutane suna ganin tsananinta, ba su san tsoron a kira ta ɓarauniya ne ke cin ta ba. Wadda aka tsinka a kasuwa ma tana da nata ciwon.

Gidan ɗaki ɗaya ne a gidan haya, can ciki bayan kwalta, sai da muka tsallake kwarin da ruwa ya zaizaye. Maigidan yana kwance a tabarma, ƙafarsa ta dama a naɗe. Da can haya yake yi da babur. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abin ya daina fita, ya koma noma a gonar gado can wajen Kaltungo. Wajen sharar gona kububuwa ta sare shi. Duk ɗan ƙasar Tangale ya san wannan macijin, ƙarami ne amma dafinsa hana jini daskarewa yake, mutum ya yi ta zubar da jini har ta dasashi. Dangi suka tsaya maganin gida kwana biyu kafin a kai shi asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo. An ceci ransa, mun gode wa Ubangiji, sai dai naman ƙafar ya lalace, har yau gyambon bai rufe ba. Kullum sai wanki da sabon bandeji.

Matar tana fita tun asuba ta soya masa a bakin tasha. Wa ke duba mara lafiya da tagwaye? Maƙwabciyarta, wata Hajiya dattijuwa, ita ce ke dama masa kunu, ɗanta kuma yana kama shi zuwa bayan gida idan ya dawo daga sallar asuba. Mun same ta a tsakar gida, ta shimfiɗa mana tabarma ta ce, "Sannunku da zuwa, ai tana yawan zancenku." Na yi murna da samun irin wannan maƙwabciya, amma zuciyata ta yi nauyi, don aikin da ya kamata ikkilisiya ta raba da ita ne take ɗauke da shi ita kaɗai tsawon watanni.

Ba zan rubuta cewa Maman 'Yan Biyu ta tarbe mu da fara'a ba. Fuska a ɗaure ta gaishe mu. Ta ce zanen zumunta ta sayar ta sayi magani, da wane ido za ta shigo cikinmu? Ta ce ba wanda ya neme ta sai da aka zo maganar kuɗi. Mama ta ce, "'Yata, ke ma ba ki faɗa wa kowa ba." Ta ce, "Mama, sai na yi shela?" Haƙuri kuwa ba ta ba ma'aji ba, ko kallonta ba ta yi sosai ba. A ganina maganar da ta yi a kasuwa ba daidai ba ce, wahala ba ta mai da ita daidai ba. Amma ban ga inda Yesu ya ce a jira mutum ya gyara halinsa kafin a ɗaure masa rauni ba. Mutumin da Basamariye ya tsinta a hanyar Yariko ko kalma ɗaya ba a rubuta ya furta ba, balle godiya.

Muka yi addu'a, maigidan ya amsa da amin mai ƙarfi yana hawaye. A hanyar dawowa ma'aji ta ce har yanzu maganar kasuwa tana mata zafi, ba za ta ɓoye ba, amma gobe za ta aika da mudu biyar na masara daga gidanta.

Ranar Lahadi bayan sujada Mama za ta kawo shawarar a yafe bashin, a kuma ɗauki kuɗin wankin ciwon daga asusun taimako. Na san akwai waɗanda za su ce an buɗe ƙofa, gobe kowa ta ƙi biya, kuma maganarsu ba ta banza ba ce, don asusun bai da yawa. Ni dai zan goyi bayan Mama. Na kira ƙanena mai Keke, ya yarda zai kai maigidan asibiti ranar Litinin da safe.